Gurbin Rani a Matsayin Tsibiri: Darasin Sumilon da Apo ga Masuntan Gwaram da Birnin Kudu

Tsakure

Maƙalar nan ta kafa hujja cewa kifin kogin Bunga a ƙasar Gwaram, da na rafukan Birnin Kudu, a guraben rani ake ƙarar da shi, kuma a can ya kamata a kare shi. An auna wannan da abin da ya faru a tsibirai biyu na ƙasar Filifin.

Gabatarwa

Kogin Bunga, wanda ake kira Jama'are idan ya gangara, daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa ƙasar Bauci da Gwaram kafin ya haɗu da kogin Haɗeja. Da damina yakan cika ya batse. Da rani kuwa sai ya koma rairayi, ruwa ya maƙale a gurabe masu zurfi, can ɗaya nan ɗaya. Duk tarwaɗa da karfasa da kurungun da za su yi ƙwai da damina mai zuwa, a cikin waɗannan gurabe suke jiran ruwa.

Bitar ayyukan da suka gabata

Welcomme (1979) da Junk da abokan aikinsa (1989) sun nuna cewa yawan kifin kogi mai fadama ya danganta da girman ambaliya. Ba na jayayya da wannan. Madatsar Tiga (1974) da ta Challawa (1992) sun rage ruwan da ke malala a fadamar Haɗeja da Nguru, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta kuma sun ji a jikinsu. Inda na rabu da masu bin wannan ra'ayi shi ne inda suka zarce suka ɗauka cewa komai aka kwashe da rani, damina za ta mayar. Ambaliya fili take buɗe wa kifi ya yi ƙwai, ba ta haifar kifi da kanta. Sannan kogin Bunga ba shi da babbar madatsa, domin ta Kafin Zaki ba a kammala ta ba. Ruwa yana nan yana zuwa Gwaram. Don haka ɗora wa madatsu laifin komai a wannan yanki gudun abin da ke gabanmu ne.

Batun Hardin (1968) na cewa dukiyar kowa da kowa ƙarewa take yi, Ostrom (1990) ta riga ta amsa shi, kuma Thomas (1996) ya nuna cewa a fadamar Haɗeja da Jama'are tafkunan rani suna da masu iko da su.

Hanyar bincike

An bi hanyar kwatance: rubuce-rubucen Alcala da Russ a kan tsibiran Sumilon da Apo, dokar kamun kifin ruwayen cikin ƙasa ta 1992, da tsarin kamun kifi na gargajiya a ƙasar Hausa.

Sakamako

A 1974 Jami'ar Silliman ta sa aka hana kamun kifi a kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da ke kewaye da tsibirin Sumilon. Shekara goma ana kiyayewa. A 1984 tsaron ya rushe, masunta suka afka wa wurin. Hankali zai ba mutum cewa kamu zai ƙaru, tun da filin su ya faɗaɗa. Alcala da Russ (1990) sun iske akasin haka: abin da ake kamawa a tsibirin baki ɗaya ya ragu da kusan rabi. Ashe wurin da aka hana shi ne yake ciyar da sauran, manyan kifaye suna girma a ciki suna fitowa waje. A tsibirin Apo kuwa, inda aka keɓe ɗan yanki a 1982, mutanen tsibirin ne da kansu suka riƙe gadin, shi ya sa abin ya ɗore.

Gurbin rani tsibiri ne da aka juya: ruwa a tsakiyar rairayi. Har ya fi tsibirin teku rauni, domin kifin ciki ba shi da mafita. Mutum shida da taru mai ƙananan idanu za su share gurbi a wuni ɗaya, daga uwar tarwaɗa mai cike da ƙwai har ɗan da bai kai yatsa ba. Wani kuma gidan sauro yake ja. Mafi muni shi ne mai zuba gamalin ko magimfa da asuba: kafin hantsi kifi ya taso ciki sama, kwaɗi ma ba su tsira ba, kuma ruwan nan shanun makiyaya za su sha da yamma. A gefe guda ga injin ban ruwan masu noman rani yana zuƙar gurbin har laka ta bayyana. Dokar 1992 ta haramta guba da nakiya, amma jami'in da ke zaune a Dutse ba zai san wanda ya shiga ruwa da dare a ƙauyen Gwaram ba. Sarkin ruwa zai sani, maƙwabta ma za su sani.

Kuma ba sai mun je Filifin koyon hani ba. A Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai ranar biki, da izinin Sarkin Ruwa, kuma manyan giwayen ruwan da ake fitarwa ranar su ne shaidar amfanin hanin. Bambancin abin da nake kira a yi shi ne, gurbin da aka keɓe kada a buɗe shi ko ranar biki. Manomi ba ya cin iri komai yunwa. A buɗe sauran gurabe bi da bi kamar yadda aka saba, a bar mafi zurfi ɗaya a kowane yanki, a kuma sa iyakar da injin ban ruwa ba zai wuce ba.

Iyakar binciken

Gaskiya ne kifin teku na bakin tsibiri mazaunin wuri ɗaya ne, na kogi kuwa matafiyi ne, don haka wani ɓangare na ribar hanin Gwaram mutanen Katagum ne za su kama. Kwatance ne kuma aka yi a nan, ba awon kamu a bakin ruwa ba. Ko ɗaya daga cikin biyun bai ba da hujjar share gurbi ba.

Shawara

Ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu su zauna da hakimai da sarakunan ruwa da masu noman rani, kafin ruwa ya janye, a ambaci guraben da za a hana da sunayensu, a rubuta, a kuma bar hukuncin wanda ya karya a hannun masuntan garin.