Saurin Firinta Mai Fesa Tawada: Yadda Ake Karanta Lambobin Jikin Kwali

Saurin firinta shi ne yawan shafukan da take fitarwa cikin minti ɗaya, kuma a kan rubuta shi a jikin kwali da haruffan ppm ko ipm. Sai dai firinta guda takan ɗauki lambobi iri biyu, kuma wadda ɗan kasuwa ya fi nuna wa mai saye ba ita ce ta aikin yau da kullum ba.

Babbar lambar ta bugun gaggawa ce, inda na'urar ke rage tawada, rubutu ya fito a dusashe. Ƙaramar kuwa ana samo ta ne bisa ƙa'idar ISO/IEC 24734, wadda aka fitar a 2009 domin a riƙa auna firintocin kamfanoni daban-daban da mudu ɗaya: takardun Word, Excel da PDF iri ɗaya, a kan saitin da na'urar ta zo da shi. Epson L3250 misali ce. Kamfanin ya ba ta shafi 33 a minti a bugun gaggawa da baƙar tawada, amma 10 kawai a ma'aunin ISO, sannan 5 a bugun launi. Ke nan rahoto mai shafi 20 zai ci kimanin minti biyu, ba daƙiƙa 36 da babbar lambar ke nufi ba.

Dalilin jinkirin yana cikin ƙirar na'urar. Kan da ke fesa tawada yana kai-komo ne a faɗin takarda, layi bayan layi, kuma idan aka nemi bugu mai kyau sai ya maimaita bi ta wuri ɗaya. Shi ya sa hoto ɗan ƙarami a takarda mai sheƙi yakan haura minti guda. Bugun gaba da baya ma yana rage sauri, domin sai tawadar fuskar farko ta sha iska.

Ga ma'aikacin da ke buga wasiƙa ɗaya, ko ɗan kasuwa mai fitar da rasit, abin dubawa shi ne lokacin fitowar shafin farko, musamman bayan na'urar ta jima a kashe, domin takan tsaya ta wanke kanta tukuna. Mai buga ɗaruruwan shafuka a mako kuwa, firinta mai hodar tawada ta fi dacewa da shi.