Daga Ayilan Zuwa Rafin Romi

Jama'a, jiya ina karatun jarrabawar ilimin ruwa sai hankalina ya koma gida, Mararaban Rido.

A 1851 wani injiniya ɗan Ayilan, Thomas Mulvany, ya kawo lissafin da har yau ake koya mana: ruwan da zai gangaro rafi ya danganta da ƙarfin ruwan sama, faɗin yankin, da yadda ƙasar ke shanye ruwa. A 1932 Sherman na Amurka ya nuna yadda za a hasashi hawa da saukar kogi, awa bayan awa. Daga shekarun 1960 kwamfuta ta shigo aikin.

To, mu shan ruwan ƙasar ne matsalarmu. Gonakin da na sani ina yaro yanzu sun koma kwano da siminti. Ruwan da ƙasa ke sha a da, yanzu sai ya zarce rafin Romi, ya faɗa Kogin Kaduna. Wanda ya ga ambaliyar 2003 da ta 2012 ya san sauran.

Kwamfuta dai ba ta duba, sai an ba ta awo. Masu neman batun furojet, wa zai fara auna mana Romi a daminar bana?