Zamanin Bawul da Isowar Rediyo Ƙasar Gwandu

A shekarar 1904, a birnin Landan, John Ambrose Fleming ya yi rajistar wata 'yar kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta ƙaf, aka dasa mata zaren ƙarfe da ɗan faranti, wadda lantarki ke bi ta cikinta ya wuce gaba amma ba ya komowa. A ƙarshen 1906 Lee de Forest na Amurka ya saka wata siririyar waya tsakanin zaren da farantin, kuma sai wajen 1912 aka gane girman abin da ya yi. In zaren ya ɗau zafi, lantarki kan kwarara zuwa farantin, wayar tsakiya kuwa ita ke rage kwararar ko ta ƙara ta, kamar yadda mai lambun albasa a fadamar Aliero ke juya ruwan kwami da ɗan dunƙulen taɓo. Ta haka muryar da kunne ba ya iya kamawa take ƙaruwa har ta cika zaure. Wannan kwalba ita ce bawul, kuma shekara kusan hamsin kusan duk rediyo da amfilifaya da ita suke magana.

Nijeriya ta fara sanin aikinta ta hannun gwamnatin mulkin mallaka. A watan Disamba na 1932 BBC ta soma watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka, a 1935 aka buɗe rediyo mai waya a Legas, Ibadan ta samu nata a 1939, Kano kuma a 1944, kafin a kai ga wasu manyan garuruwan Arewa. Tsarin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya nuna a hannun wa bawul yake. A tasha ake ajiye na'urar kama murya da manyan amfilifayoyi, daga nan a ja waya bisa turaku zuwa gidan duk wanda ya yarda zai riƙa biyan kuɗin wata. Abin da ake rataya masa a bango akwatin katako ne mai lasifika da maɓallin ƙara murya ko rage ta. Babu bawul ko ɗaya a ciki, babu kuma damar sauya tasha. Mai gida ya ji abin da aka aiko masa, ko ya kashe.

Waya kuwa iyakarta birni. Jega tsohuwar mahaɗar fatake ce a masarautar Gwandu, cikin Lardin Sakkwato na wancan lokaci, labari yana isa kasuwarta da wuri a bakin matafiya, amma babu wanda zai ja turaku zuwa Maiyama ko ƙauyuka irin su Katanga saboda akwati biyu ko uku. Rediyo mai cin gashin kansa ma bai warware matsalar ba, saboda bawul maciyin wuta ne. Yana son wuta iri biyu a lokaci guda, ƙarama don ɗumama zarensa, babba kuma don farantin, wadda a rediyon gida kan haura bolt 200. Inda babu lantarki sai an nemi batir na musamman, mai nauyi da tsada, wanda in ya ƙare ba a samunsa a teburin mai koli.

An yi yunƙurin shawo kan wannan a 1949, a Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, inda jami'in yaɗa labarai Harry Franklin ya shawo kan kamfanin Ever Ready ya ƙera rediyo mai bawul huɗu cikin gwangwanin alminiyam irin na tukunyar miya, aka shafe shi da shuɗin fenti. Fam 5 aka riƙa sayar da shi, batirinsa kuma fam 1 da sule 5, yana yin aikin kimanin awa 300. Ya samu karɓuwa ƙwarai, ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka, sai dai duk manomin da ya yi lissafin kuɗin batir a shekara ya san ba nasa ba ne. Shi ya sa rediyon bawul a karkara ya tsaya a hannun hakimai, alƙalai, malaman makaranta da attajirai, jama'a su taru a ƙofar gida su saurara.

A daidai waɗannan shekaru, a Ingila, bawul ya zama abin wasan hannu na masu sha'awa. A 1947 mujallar Wireless World ta buga zanen amfilifaya na D. T. N. Williamson, mai ƙarfin wat 15 da bawul biyu samfurin KT66 a mafita, dubban mutane a ƙasashe da dama suka zauna a gida suka harhaɗa shi da hannunsu. A 1954 kamfanin Mullard ya fitar da nasa zanen mai bawul biyar da wat goma, wanda ya dogara da bawul samfurin EL84 guda biyu, ya fi sauƙi ya kuma fi araha. Duk wanda ya gwada ya gano cewa sirrin bai tsaya a kwalbar ba, yana cikin taransifomar da ke miƙa murya ga lasifika; in naɗin wayarta bai yi kyau ba, tsadar bawul ba ta amfana komai.

A Arewa ilimin ya shigo ta ƙofar gyara. Mai gyaran rediyo na wancan zamani yakan buɗe bayan akwatin, ya kunna, ya jira, domin bawul ba ya magana sai ya ɗumama. Ya leƙa ya ga wanne ne bai yi ja ba. Ya duba tabon azurfa da ke jikin gilashin daga ciki, in ya koma fari fat ya san iska ta shiga, kwalbar ta mutu. Ya ƙwanƙwasa kowace da farce, wadda ta amsa a lasifika ya san kayan cikinta sun yi sako-sako. Ya kuma san kwandansa, wato ɗan kayan da ke tara lantarki a cikin rediyo, na riƙe wuta ko bayan an cire soket, abin da kowane yaron shago ke koya tun kafin a ba shi dalma ya narka. Mutanen da suka iya wannan, haɗa amfilifayar lasifikar taro daga gawar tsohon rediyo ba ya gagarar su.

Ajalin bawul ya riga ya sauka tun watan Disamba na 1947, lokacin da masana a ɗakin binciken Bell na Amurka suka nuna taransista, wanda ba ya bukatar ɗumi, ba ya fashewa, kuma batirin tocila ya ishe shi. Rediyon aljihu mai taransista na farko da aka sa a kasuwa ya fito a 1954, Japan ta biyo baya da kaya masu araha. Lokacin ya zo daidai da samuwar abin saurare da Hausa: Sashen Hausa na BBC ya fara a ranar 13 ga Maris, 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna kuma ya buɗe a 1962 a zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Juyin mulkin Janairun 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka sa kowa neman labari da kunnensa. Rediyon da ya shiga rumfunan Jega, ya rataya a kafaɗar makiyayi, ya kwana a bukkar lambu, na taransista ne. Haka ma lasifikar masallatai, sai da aka samu amfilifayar da batirin mota ke ɗauka sannan ta game ƙauyuka.

Masana'antun Turai suka riƙa rufe sashen bawul ɗaya bayan ɗaya, har babbar ta Mullard da ke Blackburn ta daina a farkon shekarun 1980. Amma makaɗa jita da masu sauraron faifai ba su sake shi ba, suna cewa muryarsa ta fi taushi, musamman in an matsa masa. Yau ana ƙera sababbi a Saratov ta Rasha, da Sulobakiya, da Sin, tsofaffin kuwa sun zama kayan farauta. Masu tarawa kan ɗauki bawul samfurin ECC83 na Mullard su gwada shi da na Telefunken ta Jamus, mai alamar lu'ulu'u a gindin gilashi, wasu su ce na farko ya fi zaƙi, wasu su ce na biyu ya fi tsabta. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma zuguguwa, domin kwalabe biyu masu suna ɗaya da lafiya ɗaya bambancinsu a ma'auni kaɗan ne, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa. A ƙasar Gwandu dai ba daɗin murya ne ya yanke hukunci tsakanin bawul da taransista ba, kuɗin batir ne.

Wanda ya gāji irin wannan akwati a ɗakin kakansa, a Katanga ko Jega ko Maiyama, kada ya jona shi da wuta kai tsaye, tsofaffin kwandansa na iya ƙona taransifomar nan take, kada kuma ya bai wa 'yan gwangwan. Ya nemi tsohon mai gyara ya duba masa, ko ya kai wa ɗaliban injiniya na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, su ga abin da suke karantawa a littafi.