Shekara Ashirin Kafin Linux Ya Iya Cika Alkawarin Lokaci

Lokacin da aka fara rubuta Unix a Bell Labs a 1969, burin shi ne mutane da yawa su yi tarayya a kan kwamfuta ɗaya, kowa ya samu rabonsa ko da wani zai ɗan jira. Ga mai buga takarda, wannan jiran ba komai ba ne. Amma ga na'urar da ke kama birkin mota ko juya injin masana'anta, amsar da ta makara da wadda ba ta zo ba duk ɗaya ne.

Shi ya sa masu irin wannan aiki suka ware nasu manhajojin, kamar QNX da VxWorks na shekarun 1980. Su ɗin ma ba su tsira daga tuntuɓe ba. A 1997 kumbon Pathfinder, mai aiki da VxWorks, ya yi ta sake kunna kansa a duniyar Mars, domin ƙaramin aiki ya riƙe makullin da babban aiki ke jira, matsakaitan ayyuka kuma suka hana ƙaramin ya gama. Daga ƙasa aka aika gyara: duk wanda ya riƙe makulli, a ara masa matsayin mai jiransa har ya saki.

Linux, da ya fito a 1991, ya gaji halin Unix. Masu RTLinux a jihar New Mexico ta Amurka sun kewaye matsalar, suka shimfiɗa wata ƙaramar manhaja a ƙarƙashinsa, shi kuma sai ta huta yake samun sarari. Ingo Molnar da Thomas Gleixner da Steven Rostedt suka ɗauki doguwar hanya tun wajen 2004, kuma a ganina ita ce ta gaskiya. Sun bi zuciyar Linux lungu-lungu, duk inda aiki ke cewa "kada a katse ni" suka rage masa wannan iko, suka sa makullansa bin irin dabarar da ta ceci Pathfinder. Aikin, mai suna PREEMPT_RT, ya yi ta shiga kaɗan-kaɗan, har waɗanda ba ruwansu da injuna suka amfana da agogo mai daidaito da kayan gano kurakurai.

Abin da ya tsaya a ƙarshe shi ne printk, ɗan sashen da ke rubuta saƙon gargaɗi, wanda tilas ya yi magana ko da kwamfuta na faɗuwa. Sai da aka sake fasalinsa sannan Linus Torvalds, jagoran Linux, ya karɓi ragowar aikin a Satumba 2024, ya fito cikin Linux 6.12.