Hoton Kano Daga Kan Dala: Na Wane Ne?

A cikin hotunan ƙasar Hausa na ƙarni na 19, da wuya a sami wanda ya kai hoton birnin Kano daga kan dutsen Dala shahara. Heinrich Barth, wato Abdulkarim, baƙon nan da ya ratsa Kurfi a 1853 kan hanyarsa ta Sakkwato, shi ya zana shi a 1851. Amma Johann Martin Bernatz, wanda ya ƙawata shi da launi kafin a buga shi a Landan a 1857, bai taɓa taka Kano ba. Saboda haka muna ganin hoton nan aikin mutum biyu ne. Wajibi ne mu gwada shi da bayanin dattawa kafin mu kafa hujja da shi.