Tarihin Na'urar Wankin Ƙoda da Masu Sana'ar Kawo Ta

Ina so in ɗan waiwayi tarihin wata na'ura wadda a yau da wuya a sami zuri'a a ƙasar Daura da ba ta ji labarinta ba, wato na'urar wankin ƙoda, tun da hawan jini da ciwon suga sun yawaita a cikinmu.

Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ne ya ƙera ta a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, amma sai a 1945 aka sami mai jinya ta farko da ta rayu ta dalilinta. A 1960 Belding Scribner na Amurka ya samo dabarar da ta sa ake iya yi wa mutum wanki a kai a kai har tsawon shekaru. A nan Nijeriya kuwa, an fara wankin ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981. Dashen ƙoda na farko an yi shi a asibitin St Nicholas na Legas a 2000, sannan Asibitin Malam Aminu Kano ya fara nasa a 2002. Wannan ya rage wa mutanenmu wahalar tafiya Kudu.

To, amma aikin gwamnati ya koya mini cewa sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a lamarin. Mai jinya yana bukatar wanki sau uku a mako, kowanne kimanin awa huɗu, kuma kowane zama yana shan tataccen ruwa kamar lita 120, ga matacin jini da robobi da ake canzawa, ga wutar da ba ta ɗaukewa. Kamfanoni irin su Fresenius da B. Braun na Jamus, da Nipro na Japan, su ke ƙera kayan, shi ya sa faɗuwar darajar naira a 2023 ta ɗaga kuɗin wanki.

A nan ne wakilin kamfani yake da muhimmanci. Nagari shi ne ke gwada ruwan asibiti kafin a girka na'ura, ya horar da ma'aikatan jinya, ya tabbatar kaya ba su yanke ba, ya turo injiniya idan ta lalace. Wanda ya sayar ya ɓace kuwa, ya bar wa asibiti ƙarfe lulluɓe da ƙura, masu jinya kuma su kama hanyar Kano ta Kazaure.

Don haka nake kira ga ƙungiyarmu ta nuna wa ƙannenmu masu karatun kimiyya, haɗa magunguna ko injiniya wannan sana'a. Tana bukatar ilimi, amma ta fi bukatar amana, domin ran mutum ne a cikin cinikin. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.