Gurnanin da ke cikin lasifika: yadda masu haɗa amfilifayar bawul a gida suka koyi farautar laifin wuta

 Ga rubutun shirinmu na wannan mako, domin waɗanda ba su samu damar sauraro ba.

Yau za mu koma zamanin da ba a san taransisto ba. A wancan lokaci, rediyo da amfilifaya duk da bawul suke aiki, wato wata 'yar kwalba mai kama da ƙwan lantarki wadda sai ta yi zafi sannan take aiki. Mutane da yawa a Ingila da Amurka da hannunsu suke haɗa amfilifayarsu a gida. Mutum zai tara kuɗi ya sayi kaya, ya kwashe makonni yana liƙa waya da dalma, ranar da ya kunna kuma, maimakon kiɗa sai ya ji lasifika tana gurnani, ko fis ya ƙone nan take. To ina laifin yake? Sau da yawa yana sashen da ke ba na'urar wuta, kuma dalilin hakan tsohon labari ne.

A 1904 ne John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro bawul na farko a Landan, wanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. A 1906 Lee de Forest a Amurka ya ƙara masa wata 'yar waya ta uku, daga baya aka gane cewa wannan bawul ɗin yana iya ƙara ƙarfin sauti. Rediyoyin farkon shekarun 1920 da batir suke aiki, kuma ba guda ɗaya ba. Akwai batir A mai ɗumama bawul, akwai batir B mai ba shi babbar wuta, akwai kuma batir C mai riƙe masa linzami don kada ya ja wuta fiye da ƙima. Har yau idan ka duba zanen irin wannan amfilifaya za ka ga an rubuta B+ a kan layin babbar wuta, alhali babu batir ko ɗaya a ciki.

Batir yana da tsada, yana ƙarewa, amma wutarsa shiru take, ba ta rawa. Wutar soket kuwa kai da komowa take yi, sau 50 a daƙiƙa a Ingila da nan ƙasashenmu, sau 60 a Amurka. A 1925 Edward Rogers na Toronto ya fitar da rediyon da ake jonawa a bango kai tsaye, kuma kafin ƙarshen shekarun nan wannan ya zama ruwan dare. Tun daga nan aikin sashen wuta ɗaya ne: ya karɓi wutar bango ya mayar da ita kamar ta batir. Taransifoma ta ɗaga ta, wani bawul ya miƙar da ita ta bi hanya ɗaya, kafasita ta tara ta kamar randa, sai kuma cok, wato naɗin waya a kan ƙarfe, ya daidaita sauran rawar. Duk inda ɗaya daga cikin huɗun nan ya gaza, kunne zai ji.

Kun ga asalin darasi na farko da masu haɗin gida suka koya ke nan: a saurari muryar gurnanin. Idan mai zurfi ne, daidai da bugun wutar bango, sai a zargi wayoyin da ke ɗumama bawul, ko taransifoma da aka ajiye kusa da mashigar sauti, ko inda aka haɗa wayar ƙasa. Shi ya sa suke murɗa wayoyin ɗumamar nan biyu kamar igiya, su kwantar da su a jikin ƙarfen akwatin. Idan kuma gurnanin ya ninka, sau 100 a daƙiƙa, mai ɗan kaushi, to rawar da ta rage bayan an miƙe wuta ce, kuma kafasita ce ta kasa riƙewa.

Yanzu mu zo 1947. A watannin Afrilu da Mayu na shekarar, mujallar Wireless World ta Landan ta buga zanen wani matashin injiniya, D. T. N. Williamson. Amfilifaya ce mai ƙarfin wat 15, da bawul KT66 guda biyu a ƙarshenta, babbar wutarta kuma kusan bolt 450. An gama yaƙin duniya na biyu, kayan rediyon soja sun cika kasuwa da araha, ga mutanen da suka koyi aikin lantarki a soja sun dawo gida. Sai zanen ya bazu har Amurka da Ostareliya. Amma da yawa daga waɗanda suka haɗa ta sun ci karo da wani abin mamaki: ba a sa faifai ba, amma fatar lasifika tana shiga tana fita a hankali kamar mai numfashi, ko kuma ka ji fat-fat-fat kamar kwale-kwale mai inji. Babban mai laifi a nan shi ne taransifomar sauti marar inganci. Sai dai layin wuta ma yana da hannu a irin wannan ciwo. Idan manyan bawul na ƙarshe suka ja wuta, layin sai ya ɗan faɗi, ƙananan na farko su ɗauki faɗuwar a matsayin sauti su ƙara mata ƙarfi, abu ya yi ta zagayawa. Maganin shi ne a raba wa kowane mataki nasa rezisto da kafasita. Shi kansa Williamson sai da ya sake buga gyararren zane a 1949.

A 1954 kamfanin Mullard ya fitar da nasa zanen, Mullard 5-10, wato bawul biyar, wat goma. Na biyar ɗin ba ya taɓa sauti ko kaɗan, miƙe wuta kawai yake yi. A nan ne mutane suka koyi cewa wani magani ya fi ciwon muni. Mutum ya ji gurnani, sai ya ce bari in sa ƙatuwar kafasita. Amma kafasitar da ke biye da bawul mai miƙe wuta tana da iyaka. GZ34, misali, takardar bayaninsa ta tsayar da ita a maikurofarad 60. Ka wuce haka, sai ka ga tartsatsi a cikin kwalbar lokacin kunnawa, fis ya tafi, wani lokaci har da bawul ɗin.

Sai 1959, lokacin da kamfanin Dynaco na David Hafler a birnin Philadelphia ya fitar da Stereo 70. Kaya ne a kwali, ka saya ka haɗa da kanka, kuma an sayar da dubban ɗaruruwa. Akwai wata dabara a cikinta da nake so ku ji. Sun san mitar mai haɗin gida ba lallai ta faɗi gaskiya ba. Sai suka sa rezisto mai om 15.6, ta yadda idan manyan bawul na jan wuta daidai, mita za ta nuna bolt 1.56, wato daidai da sabon batirin tocila. Ka auna batir, ka ga inda allura ta tsaya, ka murɗa har ta tsaya a wurin. Shi ke nan.

Amma ita ma tana da nata rauni. Wutar linzamin nan, wadda ta gaji batir C, wani ƙaramin abu ne na sinadarin seleniyom yake samar da ita, kuma yana raunana idan ya tsufa. Idan linzami ya saki, manyan bawul sai su ja wuta ba iyaka, ƙarfen cikinsu ya yi ja kamar garwashi. Duk wanda ya ga wannan jan, ya kashe nan take, in ba haka ba taransifoma ce za ta biya. Masu gyara sukan musanya seleniyom da dayod na silikon. Wasu kuma sukan zarce su cire har bawul mai miƙe babbar wuta su sa silikon, su manta cewa bawul yana cinye wani ɓangare na wutar, kuma irin su GZ34 a hankali suke sakinta. Silikon kuwa gaba ɗaya yake turo ta, tun sauran bawul ba su yi zafi ba, sai tsofaffin kafasita su fashe.

Daga waɗannan shekaru aka gaji tsarin da masu gyara ke bi har yau. Ana jona tsohon ƙwan lantarki mai zare a jere da na'urar kafin a kunna. Ya haska ya dushe, lafiya lau. Ya ci gaba da haske sosai, akwai inda wuta ke zurarewa. Sai a cire bawul mai miƙe wuta a sake gwadawa. Idan har yanzu ƙwan na haske, a duba taransifoma ko wayoyin ɗumama. Idan ya dushe, laifin yana gaba, wajen shi bawul ɗin, ko kafasita, ko cok. Mataki mataki ake bi, daga bango zuwa ciki.

Ga wanda irin wannan na'ura ta faɗo hannunsa a nan gida, a lura: wadda aka yi don Amurka bolt 120 ko ƙasa da haka take ci, tamu wutar kuwa 220 zuwa 230 ce, kuma taransifomar da aka naɗa don bugu 60 takan fi zafi a kan bugu 50. Wutar janareta mai hawa da sauka ma ba ta yi mata daɗi.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi komai: kafasita tana riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare waya daga bango, kuma wannan wutar tana kisa. Tsofaffin masu sana'ar ba sa taɓa ciki sai sun sauke ta ta hanyar rezisto, sun auna da mita sun tabbatar. Idan kuma dole a auna tana kunne, hannu ɗaya suke sa wa a aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Wanda bai koyi aikin a gaban gwani ba, don Allah ya bar murfin a rufe.

A nan za mu dakata. Idan a gidanku akwai tsohuwar rediyon bawul ta kaka ko ta baba, ku faɗa mana sunanta da yadda ta ƙare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.